Gajiyar da Bi-ko Bai Warkar Ba

Kusan kowane wata sai wani saurayi ko wata budurwa sun shigo shagona a nan Zuru sun ce, "Mama, so nake ki koya mini kemis." In na tambayi tsawon lokacin da za su iya zama, sai su ce wata uku, in ya yi yawa shida. A ganinsu aikin bai wuce ka haddace sunayen da ke jikin kwalaye ba, mai ciwon kai ka miƙa masa wannan, mai ciwon ciki ka miƙa masa wancan. Ba na yi musu faɗa, domin ni ma da wannan tunanin na shigo. Amma tunda ƙafafuna sun fara ƙin tsayuwa a bayan kanta, gara in faɗi abin da na sani tun ina iyawa.

Sunana Rifkatu. Aikina na farko wanke kwalabe ne, a wani ƙaramin ɗakin shan magani wajen Dabai. Mai kula da ɗakin wani tsohon disfensa ne da ya yi aikin jinya a soja, kowa Baba Ishaku yake ce masa. Damina guda cur bai bar ni na taɓa ƙwaya ba. Ina wanke kwalabe, ina tafasa sirinji a tukunya, domin a lokacin na gilashi ne, ina yanka takarda ina naɗe ta ƙananan ambulan. Da ya ga ban gudu ba sai ya ba ni faranti da 'yar wuƙar ƙirga ƙwaya, ya ce ranar da ya ga yatsana a kan maganin da wani zai haɗiya, ranar zan koma gida. Ya koya mini zana rana mai fitowa da rana mai faɗuwa a jikin ambulan, saboda yawancin masu zuwa ba sa karatu. Kayan aikin duka ba su cika akwati ɗaya ba: ma'aunin zafin jiki, abin awon hawan jini, sikeli, da wata tocila da yake haska bakin mutane da ita ko da tsakar rana ne.

Ƙwayar da ta fi kowace tafiya a wurinmu ita ce bi-ko, 'yar ƙarama ruwan ɗorawa mai warin dusa, wato haɗin bitamin B. Baba yakan tsokani magidanta ya ce wannan bi-kon ba ya dawo da matar da ta yi yaji. Mutane suna sonta saboda ba ta da tsada, kuma tana mai da fitsari ruwan ɗorawa, sai mutum ya ce ga ciwon nan yana fita. Ni ma na ɗauke ta abin sallamar mai naci, wanda ba ka san me za ka ba shi ba.

Wata ranar kasuwa aka kawo wani mai faskare a bayan keke. Ya ce tafin ƙafarsa na zafi kamar ya taka garwashi, daga idon sawu zuwa gwiwa kuma kamar ba tasa ba. Baba bai nufi kabad ba. Ya tambaye shi me ya ci jiya, me ya ci shekaranjiya, ƙwarya nawa ta burkutu yake sha a yini. Ya haska harshensa. Ya matsa sharaɓarsa, mutumin ya janye ƙafa da sauri. Sannan ya ce ya tsuguna ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba. Tsugunawa ta yiwu, miƙewa ta gagara, sai da muka ɗaga shi.

"Rifkatu, ki riƙe abin da kika gani," in ji Baba bayan an tafi da shi. "Bitamin B ba abu ɗaya ba ne, 'yan gida ɗaya ne, kowa da aikinsa. Wannan mutumin na farkonsu ya rasa, bitamin B na ɗaya. Shi ke taimakon jiki ya mai da tuwo ƙarfi, jijiya da zuciya ba sa aiki daidai sai da shi. Yana cikin dusar hatsi, yana cikin wake da gyaɗa da nama. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, 'yan makonni ya ƙare. Giya na korarsa, doguwar jinya na cinye shi. Wanda ya rasa, in ka ba shi, sai ka ga abin mamaki. Wanda bai rasa ba, fitsari kawai ka rina masa."

Bayan wata guda mai faskaren ya dawo da ƙafarsa, da ɗaurin itace a ka.

Daga hannun Baba na tafi makarantar ma'aikatan lafiya, na yi aiki a ƙananan asibitocin ƙauye har na ajiye, sannan na buɗe wannan shago kusa da kasuwa. Masu zuwa iri-iri ne. Matan sojoji da mazansu ke can nesa, su ne suka fi sanin sunan magani, wani lokaci har su fi ka. Makiyaya sukan zo ranar kasuwa, su ce, "Inna, ki ba mu wanda anka ba mu wancan karon," sai ka zauna ka yi ta tambaya har ka gano wane karo ake nufi. Manoma kuwa da an fara huɗa suke cika shago, kowa na neman haɗi, a zuba masa ƙwaya biyar ko shida a leda ya watsa baki ɗaya. Ban taɓa yin haɗi ba, kuma na rasa masu saye da yawa saboda haka. Rabin wannan sana'a hanawa ce, da sanin lokacin da za ka ce wa mutum, wannan ya fi ƙarfina, tashi ka tafi asibiti.

Shekarar da ta fi kowace wuya ita ce shekarar korona. A nan ba kowa ya yarda akwai ta ba, kuma da wuya ka ga wanda aka gwada. Abin da na sani shi ne, mutane sun yi ta zuwa da zazzaɓi da tari da ciwon jiki, a sha maganin zazzaɓin sauro bai sauka ba, wasu su ce ba sa jin ƙamshin daddawa a miya. Na ɗaura takunkumi, na ja igiya a bakin ƙofa, ina miƙa magani ta taga. Yawanci sati biyu sun miƙe. Tsofaffi kaɗan suka tafi. Sai da zazzaɓin ya lafa na fara ganin waɗanda ya bari a baya, ba su mutu ba, ba su kuma warke ba.

Ta farko wata mai shayarwa ce, Kande, daga wani ƙauye bayan Dirin Daji. Rashin kwanciyar hankali ya taso su, suka bar rumbunansu, suka zo suka raɓe a gidan wani ɗan uwa. Ta yi zazzaɓin, ya sauka, amma bayan wata guda ƙafafunta suka kumbura, tafiya daga ɗaki zuwa rijiya sai haki. Na zaunar da ita na tambayi abin da suke ci. Farar shinkafar inji da aka raba musu, da garin kwaki, safe da yamma, wata uku ke nan. Babu wake, babu gyaɗa. Na matsa sharaɓarta, ta riƙe hannuna. Na ce ta tsuguna, ta kasa tashi. Zuciyarta na gudu kamar ta wadda ta hau dutse. A take na rufe shago, na tare mai babur, na raka ta asibiti, na faɗa wa likitan abin da nake zato. Ya duba ta, ya yarda, aka yi mata allurar bitamin B na ɗaya, aka ba jaririn nasa. Kwana uku numfashinta ya daidaita. Kafin wata ya ƙare tana daka.

Labarin ya zaga gari, kuma kamar kowane labari ya canza a hanya. Aka ce Mama Rifkatu ta gano maganin gajiyar da sabon zazzaɓin nan ke bari. Ban ce haka ba, amma ban ƙaryata da ƙarfi ba. Bi-ko ya riƙa ƙarewa a shagona kafin mota ta kawo wani.

A cikin wannan yanayi Tanko ya zo daga Manga. Na san shi tun yana saurayi, lokacin da yake noman golmo, wato shekarun da saurayi ke yi yana yi wa surukansa noma kafin a ba shi mata. In ana gayya shi ake sawa a gaba, sauran su bi kunyar da ya huɗa. Mutum ne dogo, mai faɗin kafaɗa, bai cika magana ba. A ranar, matarsa mai suna Laraba ce ta riƙo shi daga inda babur ya sauke su, yayansa Bawa na biye da su.

"Mama, zazzaɓin ya tafi tun kafin ruwan farko," in ji Tanko, "amma ya tafi da ƙarfina. In na ɗebi ruwa guga biyu, gobe ba na iya tashi. Kaina kamar an cusa auduga. Sai in fara magana in manta inda na nufa."

"Ga damina ta kama," in ji Bawa. "Gonarsa ce kaɗai ba a taɓa ba. An ce kina da maganin abin."

A nan na yi kuskuren da ya fi kowane girma a aikina, kuma ba a wurin zaɓen ƙwaya na yi shi ba. Akwai mutane a tsaye suna jira, na kuma riga na yanke wa kaina abin da ke damunsa tun kafin ya zauna. Ban tambayi abin da yake ci ba. Ban matsa ƙafarsa ba, ban ce ya tsuguna ba. Da na tambaya da na ji cewa gidan Tanko tuwon dawa ake ci da miyar wake, gyaɗa ba ta yankewa, kuma bai taɓa sa giya a baki ba. Na ƙirga masa bi-ko na sati biyu na ce, "Ka sha wannan. Ka daure ka riƙa motsa jiki, yawan kwanciya ke ƙara kashe shi. Nan da sati biyu za ka riƙe garma." Na juya na ce wa Bawa, "Ba wani abu ba ne. Da ya gama maganin, tashi kawai ya rage masa."

Tanko ya yarda da ni. Ranar da ƙwayar ta ƙare ya ɗauki garma ya tafi gona, ya yi huɗa tun safe har rana ta take. Laraba ta ce da ya dawo har dariya ya yi, ya ci tuwo da yawa. Washegari ya kasa ɗaga kansa daga matashi. Sati shida ya yi a kwance, hasken ƙofa ma ba ya so, ko kukan akuya sai ya toshe kunne.

Laraba ta dawo ita kaɗai ta faɗa mini. Ta kwance gefen zaninta ta zazzage ledoji a kan kantar shagon. Da ta ga nawa bai yi ba, sai ta shiga saye a wurin masu yawo da magani a faranti, manyan ƙwayoyin bitamin B iri uku, tana ba shi duka tare, safe da rana da yamma. Na karɓe su. Na gaya mata akwai bitamin B na shida a cikinsu, wanda in ya yi yawa ya daɗe a jiki, shi da kansa yana kashe jijiyar ƙafa. Sai a lokacin na yi tambayoyin da ya kamata in yi tun farko, kuma kowace amsa da ta ba ni tana nuna mini cewa ciwon Tanko ba na Kande ba ne.

"Mama, ba ciwon ne ya fi damuna ba," in ji Laraba. "Yaya Bawa ya ce ke da bakinki kika ce ya warke. Ya zo har ɗaki ya ce masa ragonci ne ya kama shi da girma. Yanzu ko a coci in na shiga sai in ga ana kallona. Wasu sun ce ni na zuba masa wani abu."

Da ya ɗan farfaɗo muka kai shi asibiti. Aka auna jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada sukari, komai lafiya. Wanda ya duba takardun ya ce masa, "Ba mu ga komai ba, je ka ci abinci ka huta." Na ga fuskar Tanko lokacin da ya ji haka. Mutum ne da ya zo yana fatan a ce an samu wani mugun abu a jikinsa, ko da wanda ba ya warkewa ne, don ya koma gida da sunan ciwo.

Damina ta wuce, gonarsa ta zama ciyawa, Laraba ta noma abin da ta iya a bayan gida. Da rani ya yi ƙoƙarin saƙa asabari yana zaune, in ya yi yini ɗaya sai ya biya da kwana biyu a kwance. Bawa ya daina shiga gidan. Shekara ta zagayo haka.

A shekara ta biyu na samu labarin wata likita a babban asibiti a birni da ke sauraron irin waɗannan mutane. Muka hau mota mu uku, ni da shi da Laraba. Tafiyar kaɗai sai da ta kwantar da shi kwana biyu a gidan wata 'yar uwata kafin ya iya shiga layi. Likitar ta zauna da shi kusan awa guda, ta bar shi ya faɗi abinsa a hankali, in ya manta ta jira. Ta sa aka sake gwaje-gwaje, har da na bitamin B na goma sha biyu, shi ma lafiya. Sannan ta ce, "Malam Tanko, ciwonka na gaske ne. Akwai mutanen da irin wannan zazzaɓi ke bari haka, a ƙasashe da yawa, masu ƙarfi da marasa ƙarfi. Gwajin da muke da shi ba ya nuna shi. Har yanzu ba a samu maganin da ke kawar da shi ba. Abin da muka sani, in ka matsa wa jikinka, baya zai koma. Ka riƙa tsayawa tun kafin ka gaji."

Na tambaye ta batun bitamin B. Ta ce wanda jinya ta ƙarar masa da shi zai amfana ƙwarai, shi ya sa ya kamata a duba kowa, kuma masana na nan suna binciken ko yana da wani amfani ga sauran. Amma kada a yi wa kowa alkawari da shi.

Tanko ya ce, "Likita, ki rubuta mini a takarda."

"Maganin?"

"A'a. Abin da kika ce da farko. Cewa na gaske ne."

Ta rubuta, ta sa hannu, ta buga hatimi. Tanko bai iya karatu ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, hannunsa na kanta har muka iso Zuru. Da za mu rabu a tasha ya ce, "Mama, ke za ki zo ki karanta musu. Bakinki suka ji da farko."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na tafi Manga. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidan Bawa. 'Yan uwa sun taru, maza da mata, da wasu maƙwabta da ba a kira ba. Tanko na zaune a kujera ya jingina da bango. Na karanta takardar da Turanci kamar yadda take, na mai da ita Hausa, Laraba kuma ta mai da ita yarensu na C'lela saboda tsofaffin mata. Da na gama na ce, "Akwai abin da ba ya cikin takarda. Ranar da kuka kawo shi ban duba shi yadda aka koya mini ba. Na ce ya warke alhali bai warke ba, na ce ya tafi gona, zuwan nan kuma shi ya ƙara kwantar da shi. Duk wanda ya kira shi rago, da maganata ya kira shi. Laraba kuma ba ta zuba masa komai ba, sai abin da ta yi zaton magani ne."

Bawa na kallon ƙasa, yana juya hularsa a hannu. Can ya ɗago ya ce, "Mama, ranar da na shiga ɗakinsa na yaye masa bargo, na ce ya tashi ko in ja shi, da gaske ba ya iyawa?"

"Da gaske ba ya iyawa."

Ya tashi ya shiga gida, bai sake fitowa ba har na tafi. Laraba ta gaya mini daga baya cewa da ruwan farko ya sauka, ta fita da safe ta tarar da Bawa a gonar Tanko shi kaɗai, ya riga ya yi kunya goma. Bai yi sallama ba, bai kuma yi maganar ba har yau. Kowace damina shi ke fara nome gonar ƙanensa kafin tasa.

Tanko bai warke ba. Ya koyi auna ƙarfinsa kamar yadda ake auna hatsi a shekarar yunwa. In zai je coci ranar Lahadi, tun Juma'a yake kwanciya. Kafaɗun nan sun zube, wanda bai san shi da ba ba zai yarda shi ne ke jan gayya ba. Wasu da suka zo mini da irin gajiyarsa a wancan lokaci sun miƙe bayan shekara, wasu sun samu rabi, ban san abin da ya bambanta su ba, kuma na daina yin kamar na sani.

Da kakar bana na je duba shi. Na same shi a inuwa da ƙwaryar gyaɗa a cinya, yana ɓara a hankali, in ya yi kaɗan ya huta. Na zauna ina taya shi. Daga inda muke ana hango gonarsa, an girbe dawa an tara. Ya daɗe yana kallon wajen, sannan ya ce, "Mama, kin san wani abu? Har yanzu in na yi mafarki, huɗa nake yi. Daga wannan gefe har wancan, ba na tsayawa. Kuma ba na gajiya ko kaɗan."

Jakata na gefena, cike da magani kamar kullum. Ban buɗe ta ba. Na jawo ƙwaryar kusa da ni, muka ci gaba da ɓarar gyaɗa.